Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro ga Mai Juna Biyu da Mas'alar Garkuwar Jiki

 

Sanin kowa ne cewa wanda ya tashi a ƙasar da sauro ya yawaita, muddin Allah ya ƙaddara ya haye ƙuruciya, jikinsa yakan yi sabo da zazzaɓin cizon sauro, har cutar ta riƙa shigarsa ba ta kayar da shi ba. Abin al'ajabi shi ne, budurwar da ta mallaki wannan garkuwa, da zarar ta yi aure ta sami cikin fari, sai cutar ta sami wata kafa a kanta, ta sa mata ƙarancin jini, ta tauye nauyin jariri, wani lokaci ma ta jawo ɓari ko haihuwar bakwaini.

A shekarar 1996 ne masana biyu, Michal Fried da Patrick Duffy, suka bayyana sababin wannan, bisa binciken da suka yi a Kenya: ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa mabiyiya, su taru a can, inda garkuwar da mace ta tara tun tana yarinya ba ta gane su. Sai a hankali, ciki bayan ciki, jiki ke ƙera makamin da ya dace da su, shi ya sa mai haihuwa huɗu ta fi amarya aminci.

A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni a 2012 da a riƙa bai wa mai ciki ƙwaya uku na maganin da muka fi sani da Fansidar, daga wata na huɗu, a kowane zuwa awo, da tazarar wata guda aƙalla, ta haɗiye a gaban ma'aikaciya, har sau uku ko fiye.

Daga nan shubuha ta taso, kuma shubuha ce mai ƙarfi: idan garkuwa daga haɗuwa da cuta take samuwa, ashe wanda ya kare mace a cikin fari bai jinkirta mata musiba zuwa na biyu ba? Lalle binciken da aka buga a 2004 kan masu cikin fari a Kenya ya nuna raguwar wannan makami a jinin waɗanda suka sha magani, kuma an ga makamancin haka a aikin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na Garki, wanda aka fara a 1969, inda feshi da rabon magani suka rage ma'aunin garkuwa a ƙauyukan da aka kare. Amma da aka bi sawun matan Gambiya da suka sha rigakafi a cikin fari, ba a tarar cikinsu na biyu ya fi na sauran mata muni ba.

Ra'ayina, wallahu a'alamu, shi ne ƙa'idar fuƙaha'u ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu ta warware mas'alar, domin garkuwar da ake jin tsoron raguwarta da lafiyar ɗan fari ake sayenta, kuma mafsada tabbatacciya ba a jure mata saboda wadda ake zato. Abin da ya fi damuna ma kunyar nan ce ta cikin fari, wadda kan sa yarinya ta ɓoye cikinta har lokacin goyon ciki ya gabato, ta isa asibiti a wata na bakwai, alhali watanni uku na rigakafi sun riga sun wuce ta.