Romiyo da Juliyet: ƙaddara ce, ko aikin dattawa?



Wasan kwaikwayon nan da William Shekspiya ya rubuta wajajen 1595, aka fara buga shi a Landan cikin 1597, bai ɓoye ƙarshensa ba. Tun ba a shiga labari ba, mai gabatarwa kan fito ya shaida wa ƴan kallo, cikin layi 14, cewa saurayin da budurwar za su mutu, taurarinsu ne suka saɓa. Shi ya sa da dama suka ɗauke shi labarin ƙaddara tsantsa. To, sai a bi wasan daki-daki, a ga hannun wa ke cikin kowace mutuwa.

A birnin Verona na Italiya, gidan Montegu, iyayen Romiyo, da gidan Kapulet, iyayen Juliyet, suna gaba. Mafarin gabar fa? Marubucin bai faɗa ba ko sau ɗaya. Barori ma na zare takobi a kanta. Sarkin gari, Eskalus, da bakinsa ya ce sau uku ke nan ana tada tarzoma a tituna, sai yanzu ya yi barazanar kisa. Washegari Tibalt na gidan Kapulet ya kashe Merkusiyo, abokin Romiyo, Romiyo ya rama, aka kore shi zuwa Mantuwa, ranar da aka ɗaura musu aure a asirce.

Ba Shekspiya ya ƙirƙiro labarin ba. Ya samo shi daga waƙen Arthur Brooke na 1562, wanda ya biyo fassarar Faransanci ta wani labarin Italiya. A wajen Brooke al'amarin ya ɗauki kimanin wata 9, kuma gabatarwarsa yaran ta ɗora wa laifi, wai sun ƙi bin iyaye. Shekspiya ya matse komi daga Lahadi zuwa asubar Alhamis, ya rage shekarun yarinyar har ba ta cika 14 ba.

Wa ya yi gaggawar? A kan ce yaran ne. Amma a dubi tsoho Kapulet. Ran Lahadi ya ce wa Paris (sunan mai neman auren ne, ba birnin Faransa ba) ya dakata shekara biyu, ɗiyarsa ba ta isa ba. Daren Litinin ya ba shi ita, ya sa Alhamis, bai tambaye ta ba. Da ta ƙi, ya rantse zai jefa ta titi ta yi bara. Da ta nuna ta yarda, don murna ya maido bikin Laraba. Kwana ɗayan nan ya tilasta mata shan maganin Fada Loran, mai sa mutum ya kwanta kamar gawa awa 42, tun lokacin da aka tsara bai yi ba.

Ƙaddara na da nata rabo, ba musu. Baran da bai iya karatu ba, Romiyo ya tare a hanya ya karanta masa sunayen waɗanda aka gayyata biki. Wasiƙar da za ta sanar da Romiyo cewa Juliyet na da rai ba ta isa Mantuwa ba, domin an kulle manzon cikin gidan da ake zargin annoba. Ita kuma ta farka jim kaɗan bayan ya sha guba. Sai dai wasiƙar ba za ta zama dole ba, da a gidan akwai babba ɗaya da zai tsaya wa yarinyar in ta faɗi gaskiya. Uwarta ta juya mata baya, mai rainonta ta ce ta auri Paris kawai. Gubar ma, doka ta hana sayar da ita a Mantuwa. Yunwa ta sa mai magani ya karɓi tsabar zinariya 40.

Rai shida suka salwanta, biyu daga ciki dangin sarki ne, Merkusiyo da Paris. A bakin kabari Eskalus ya amsa cewa ya kau da kai ga rigimar. Montegu ya yi alkawarin kafa wa Juliyet mutum-mutumi na zinariya, nan take Kapulet ya ce na Romiyo ba zai gaza shi tsada ba.