Kwana Casa'in Ba Izinin Aiki Ba Ne: Jawabi a Zangon Kumasi



Makon jiya wani yaro ɗan Tawa ya same ni a shago, ya zaro fasfo daga cikin leda, duk ya jiƙe da gumi. Na buɗe na ga hatimin da aka buga masa a iyakar Paga, wata bakwai da suka wuce. Na ce, ɗana, ina takardar zamanka? Ya nuna hatimin ya ce, "Baba, ai ga ta nan." Shi ya sa na roƙi a ba ni wannan dama.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yafe mana biza, ta ba mu kwana 90. Wannan izinin baƙunta ne. Wanda zai zauna ya ci abinci da guminsa, sai ya je hukumar shige da fice ta Gana ya nemi izinin zama, in aikin albashi ne kuma da izinin aiki. Akwai kuma katin shaida na baƙi, wanda ya hau kan duk baƙon da zamansa ya kai kwana 90 a shekara. Waɗanda aka ɗauke wa su ne irin ma'aikatan jakadanci da iyalansu. Na duba ɗakin nan, ban ga jakada ko ɗaya ba.

Kun yi dariya, to ga inda ba dariya. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i: talla, kasa kaya a kasuwa, shagon aski da gyaran gashi, har da yin ruwan leda. Baƙon da ke son saye da sayarwa ta ce ya kawo jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Wa ke da wannan a cikinmu? Da wannan doka aka kafa hujja a 2019 aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame, nan bayanmu. Amma ita dokar ta bar ƙofofi. Sharaɗin jarin bai hau kan mai masana'anta ba, bai hau kan wanda aikinsa fitar da kaya waje kaɗai ba, kuma an sassauta wa wanda ya shekara 5 da auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, in auren na da shaida. Ku lura da wannan. Aurenmu ana ɗaura shi a raba goro a watse, ba mai tuna takarda sai ranar da aka tambaya.

Na san abin da wasu ke faɗi a zuci: kakanninmu sun yi fataucin goro a Salaga tun ba a san wata Gana ba, wa zai ce mana baƙi? Gaskiya ne, da yawanku 'yan ƙasa ne cikakku, babu abin da ya hau kanku cikin duk wannan. Sai dai tsarin mulkin 1992 ba ya duba inda aka binne cibiyarka, yana duba iyayenka ne ko kakanninka, ko ɗaya cikinsu ɗan ƙasa ne. Dattawan da ke gaba sun ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako 2 su fice. Mutum ya sayar da gidansa a kuɗin akuya, ya hau mota da yaran da ba su taɓa ganin Kano ba. Mu ma a Najeriya a 1983, zamanin Shagari, mun yi wa 'yan Gana irinta, don haka kada wani ya ɗaga murya.

'Yan'uwanmu na Nijar, ku kun fi kowa bukatar kula, tunda ƙasarku ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. An ce a ci gaba da karɓar takardunku har sai an sake sanarwa, kuma abin da aka ce "har sai" ba a shimfiɗa tabarma a kansa.

Masu gida, yaron da kuka sauke a zaurenku, ku karɓi fasfonsa ku duba ranar shigowarsa, sannan ku mayar masa da abinsa. Kada a ba ɗan kamasho ko sidi ɗaya. A je ofis da ƙafa, a karɓo rasit. Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a ƙofar masallaci da littafi, kowa ya zo da takardunsa.