Jawabi kan cutar dajin mama: daga Garhanga zuwa Yamai



A watan Yuli na 2007, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta sa hannu kan dokar da ta ce maganin cutar daji ta mata, ta mama da ta bakin mahaifa, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Doka ce mai kyau. Sai dai macen Garhanga da ta ji ƙullutu a mamanta ba ta taɓa ganin takardar ba, kuma takardar ba ta biyan kuɗin mota.

A duba hanyar da ke gabanta. Daga gidan likita na Garhanga a tura ta Keita, daga Keita a tura ta babban asibitin Tawa. In sai an gasa ciwon da na'ura, to sai Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500, a cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa, wadda ba ta fara wannan aikin ba sai a 2021. Kowane zango da nasa kuɗin abinci, masauki da na mai jinya. Ga kuma maigida ya tafi cin rani Abijan ko Libiya, kamar yawancin mazan Adar. Kafin izininsa da kuɗinsa su iso, watanni sun shuɗe, ana ta shafe-shafen sassaƙe, domin an ɗauka maruru ne ko sammu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, da farko ƙullutun ba ya ciwo.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mata 670.000 wannan cuta ta kashe a 2022. A ƙasashe masu arziki, fiye da tara cikin goma na masu ita suna nan da rai bayan shekara biyar, saboda ana gano ta tun tana ƙarama. Hukumar ta tsai da ma'auni: daga ranar da mace ta kai kukanta asibiti, kada a wuce kwana 60 ba a tabbatar da cutar ba.

Wannan ba ya jiran na'urar hoto mai tsada. Hannun ungozoma da aka horar ya isa ya fara aikin, ranar awon ciki ko ranar allurar yara, tunda matan suna zuwa da ƙafarsu. Ƙullutu mai tauri, kan mama da ya shige ciki, jini daga kansa, kaluluwa a hammata: duk wadda aka ga ɗaya daga cikinsu gare ta, a rubuta sunanta, a tura ta, a bi sawunta.

Matan yankin nan ne suka ɗauki duwatsu a ka, daga 1984, suka raya fako a aikin Keita. Ƴan siyasa sun san hanyar ƙauyukansu sarai lokacin neman ƙuri'a. Abin da ake nema ga hukumomin gari da na jaha shi ne su ware, cikin kasafin kuɗinsu, kuɗin motar marar lafiya da mai jinyarta har Yamai, kuma a karanta adadin a gaban jama'a.