Kujerar Tsugunno: Ta Kaka, Ta Inna Da Ta Zamani

  

Yau hirar tamu a kan wata 'yar aba ce da kusan kowace mace ke da ita, amma ba kowa ke ɗaga ido ta dube ta ba, wato kujerar tsugunno. A kanta muke tuƙa tuwo, a kanta muke tankaɗe da wanke-wanke, a kanta ake yi mana kitso, mai jego ma a kanta take zama a yi mata wanka. To amma ranar da aka shigo da sababbin kushin, ita ake fara turawa bayan ɗaki, ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta. Abin da nake so mu gyara ke nan.

Bari mu kasa kujerun nan gida uku.

Ta farko ita ce ta kaka, aikin masassaƙa. Daga gungume ɗaya ake fitar da ita da gizago, na itace mai ƙwari irin su ƙirya ko maɗaci, babu ƙusa babu gam. Shi ya sa take shekaru aru-aru ba ta girgiɗi, don babu mahaɗin da zai saki. A cikin irin waɗannan, kujerar Nufawa ta ƙasar Bida ta yi suna ƙwarai: samanta a zagaye, ƙafafunta har takwas ko goma, an ƙawata ta da zane-zanen layi da kusurwa, ba hoton mutum ba na dabba. Baƙi daga ƙasashen waje suna nemanta, har a gidajen tarihi na Turai da Amurka ana ajiye irinta.

Kada ki yi mamakin jin kujera a gidan tarihi, akwai inda ake ɗaukarta da girman da ya wuce haka. A wajen Asantawa na ƙasar Gana, kujera ita ce alamar sarauta. A shekarar 1900 gwamnan Turawa, Frederick Hodgson, ya je Kumasi ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Maganar nan ita ta tayar da yaƙi, kuma mace ce ta ja gaba, sunanta Yaa Asantewaa. Mu tamu ba ta sarauta ba ce, amma ita ma tana ɗauke da tarihin gidanku.

Ta biyu ita ce ta inna, wadda kafinta ya haɗa da falanki da ƙusa, wani lokaci a liƙa mata fomeka a sama. Wannan ta yi tashe a zamanin gadon ƙarfe mai rumfa da jeren kwanuka, wajajen shekarun 1970 da 1980. Tare da ita sai mu sa tum-tum na fata, aikin dukawa, irin wanda ake samu a Kasuwar Kurmi ta Kano da kuma Sakkwato.

Ta uku ita ce ta zamani: ta roba, ta ƙarfe, 'yar kujerar gaban madubi mai soso, da doguwar nan ta kicin.

To uwargida, yaya za ki gane tsohuwa ta ainihi? Kifa ta, ki duba cikinta. Za ki ga sawun gizago, ba sumul irin na inji ba. Ki shafa samanta, inda ake zama ya yi santsi har ya ɗan lotsa saboda daɗewa ana amfani da ita. Ƙafafun sun cinye, kuma ba daidai wa daida ba. Ki ɗaga ki ji nauyi. Idan saye za ki yi, ki sani akwai masu turara sabuwa da hayaƙi su goga mata man takalmi don ta yi kama da tsohuwa. Ki goga farin ƙyalle mai ɗan laima, in baƙi ya biyo shi sosai kuma kika ji warin man takalmi, to a yi hattara.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni kunnenki da kyau. Mu da muke cikin gida, ba mu ganin farashin kasuwa, sai abin da dillaliya ta shigo ta faɗa mana. Za ta ce, "Haba Hajiya, wannan tsohon icen me za ki yi da shi? Kawo in ba ki bokiti da baho sababbi fil." Kafin ki miƙa, ki tambayi kanki abu biyu. Na farko, kujerar taki ce ke kaɗai? In ta marigayiya ce kuma ba a raba gado ba, akwai haƙƙin sauran magada a kanta, komai ƙanƙantarta. Na biyu, akwai doka. Tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma dokarta ta sa kayan sassaƙa na gargajiya da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi, ba a fita da su ƙasar waje sai da izininta. In kina zaton taki ta kai haka, ki yi wa maigida magana ya bincika a wuri irin Gidan Makama na Kano. Bahon roba shekara nawa zai yi? Ita kuwa in ta fita, ta fita ke nan.

Sai kula da ita. Kada ki jiƙa ta a ruwa, kada ki bar ta a rana, musamman da hunturu, don tsagewa za ta yi. Ki goge ƙura da ƙyalle, ki shafa mata man kaɗe ɗan kaɗan, ki murza har ya shige. Don Allah ban da fenti, shi ke kashe mata kyau da daraja. Da damina ki ɗauke ta daga dandariyar ƙasa saboda gara. In kika ga gari mai laushi yana zubowa daga 'yan ramuka, ƙwaro ne a ciki, ki ware ta daga sauran kayan katako, a kai wa kafinta ya sa magani. Tum-tum kuma ba ya son laima, fumfuna yake yi.

Wajen ado, ba sai kin zaɓi ɗaya kin yar da ɗaya ba, kowace da wurinta. Ta kaka ki shigo da ita falo, ki ajiye gefen kushin, ki ɗora mata faifai mai launi ko ƙwarya mai zane. In kaskon turaren wuta za ki ɗora, ki sa faranti a ƙarƙashi kada ya ƙona ta. Guda ɗaya ko biyu sun isa, in suka yi yawa ɗaki ya zama rumfar kasuwa. Tum-tum biyu a bakin darduma sun wadatar idan baƙi mata suka zo. Ta inna ta koma kicin da tsakar gida. Ta roba kuwa ita ce ta wanki da banɗaki, don ba ta tsoron ruwa, sai dai ki nisanta ta da murhu, kuma in ta daɗe a rana takan yi ƙwari ta fashe da mutum a kai. Doguwar ta kicin a kula da yara kada su hau. Iyayenmu masu ciwon gwiwa kuma a nema musu mai ɗan tsayi, don tashi daga gajera yana ba su wuya.

Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. In kin gama abin da kike yi, ki leƙa bayan ɗaki ko ɗakin ajiya, ki fito da ita ki goge, ki kira 'yarki ki gaya mata ta wace ce.