Matakan Girman Yaro da Yaron da Ke Gabanmu



Duk wanda ya yi karatun NCE a cikinmu, a Maru ne ko a Gusau, ya haddace sunayen nan domin jarrabawa: Piaget da matakansa huɗu, Freud da biyar, Kohlberg da shida, Erikson da takwas. Mun haddace inda suka saɓa, domin a nan ake yi mana tambaya. Inda suka yi ittifaƙi kuwa ba mu cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ne muka ɗauko muka shiga da shi aji ba da saninmu ba.

Dukkansu sun ɗauki girman yaro tamkar hawan tsani. Matakan a jere suke, ba a riga wani kafin wani. Wanda ya hau sabon mataki, yadda yake kallon duniya ne ya sake, ba ƙarin sani kawai ya samu ba. Tsanin kuma ɗaya ne ga ɗan Suwizalan da ɗan Kwatarkwashi. Sai aka rataya wa kowane mataki shekarunsa. A yi wa Piaget adalci, shi kansa kintace ya ɗauki shekarun nan. Mu ne muka mayar da su doka.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da yaye, muna da umartar yaro da salla yana ɗan shekara 7. A makarantar allo ba a farfaru sai an gama babbaƙu, kuma kolo ba ya zama gardi sai ya yi titibiri. Amma a lura da malamin allo: abin da ke kan allon yaro yake dubawa ya ƙara masa karatu, ba ya tambayar shekarar da aka haife shi.

Da su wa aka gina tsanin? Piaget ya yi yawancin nazarinsa na jarirai a kan 'ya'yansa uku. Kohlberg ya kafa matakansa a 1958 bisa hira da yara 72 a Shikago, dukkansu maza. Da aka fita da gwaje-gwajen zuwa Afirka, sai aka ga abu biyu. A 1961 Price-Williams ya gwada yaran Tibi a nan Najeriya da ƙasa da 'ya'yan itace, abubuwan da suka saba taɓawa, ya same su daidai da tsararsu na Turai. A Senegal kuma Patricia Greenfield ta juye ruwa daga wani kofi zuwa mai tsawo a gaban yaran Wolof da ba su shiga boko ba, da yawansu suka ce ruwan ya ƙaru, domin ita ce ta juye shi. Da ta miƙa musu suka juye da hannunsu, sai amsar mafi yawansu ta gyaru. Ashe ba hankalin yaran ne ya gaza ba, yadda aka yi tambayar ne.

Mu ma mun san wannan. Yarinyar da ke tallan awara a bakin hanyar Gusau zuwa Tsafe tana mayar da canjin naira 1,000 ba kuskure, direba na ƙara mata hon. Gobe mu rubuta mata lissafin nan a allo, ta yi shiru, mu ba ta sifili.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da muke ciki. A watan Satumba na 2021 an rufe makarantun jihar nan bayan sace ɗalibai a Kaya. Tun kafin nan da bayansa, iyalai suna baro ƙauyuka suna shigowa garuruwa, da yaran da karatunsu ya yanke ko bai taɓa farawa ba. Sai a kawo mana ɗan shekara 12 wanda bai san baƙi ba. Idan muka bi shekaru muka zaunar da shi a aji shida, ba a wata guda mun sa masa suna daƙiƙi. Idan muka kai shi aji ɗaya muka sa shi tafi da waƙa tare da ƙannensa, kunya za ta kore shi kafin zangon ya ƙare. Yaron nan ya yi kiwo, ya yi noma, wataƙila ya goya ƙaninsa ya yi tafiyar dare a daji. Karatunsa na mafari ne, tunaninsa ba na mafari ba ne. Jadawalin da muka haddace ya sa mun ɗauka yaro gaba ɗayansa yake hawa mataki, shi kuwa wannan ƙafarsa ɗaya tana sama, ɗaya tana ƙasa.

Ba cewa muke a watsar da littafin ba. Jeren matakan ya tsira daga gwaji fiye da shekarun da aka rataya musu, kuma har yanzu yana hana mu ɗora wa ɗan shekara 6 abin da ya fi ƙarfinsa.

Roƙonmu ga reshe shi ne a kai wa Sakataren Ilimi na Bunguɗu shawara guda: duk yaron da ya shigo a makare, a ba malami mako ɗaya ya gwada shi da baki, da Hausa, da kuɗi da mudu da tiya, kafin a rubuta masa aji. A inda irinsu suka kai goma a makaranta ɗaya, a ware musu sa'a guda kullum ta koyon karatu su kaɗai, sauran darussa kuma su zauna da tsararsu.