Ciwon hanta nau'in B: maganin da ke tafe da aikin da ke gabanmu

 An ba ni mintoci kaɗan in yi magana kan ciwon hanta, to bari in shiga kai tsaye.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sun nuna a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, kuma ya kashe kusan miliyan 1.1 a shekarar. Galibinsu ba su san suna da shi ba, sai hanta ta ƙanƙance ko sankara ta kama ta. Maganin da ake sha yanzu, kamar tenofovir, yana danne ƙwayar cutar amma ba ya kawar da ita, don ta ɓoye kundinta cikin cibiyar ƙwayar hanta. Shi ya sa mutum kan sha shi shekara da shekaru.

To mene ne sabon? Ƙwayar cutar ba ta da masana'anta tata. Daga kundin nan take aika wasiƙa, wato RNA, hantarka ta karanta ta ƙera mata ƴaƴa. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna cewa jiki na da hanyar tare irin wannan wasiƙa: a ba shi guntun RNA da ya dace da ita, sai ya nemo ta ya yayyaga. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2006.

Matsalar ita ce isar da guntun, don in an zuba shi tsirara cikin jini nan da nan yake lalacewa. Sai aka ƙunshe shi cikin ɗan ƙullin kitse da ido ba ya gani, kuma hanta ce ke zuƙe irin wannan ƙulli daga jini. A 2018 Amurka ta amince da magani na farko mai wannan dabara, patisiran, amma na wata cutar gado ce. Na nau'in B ana kan gwada su a jikin mutane: suna rage furotin ɗin ƙwayar cutar sosai, sai dai kundin na nan. Saboda haka duk wanda ya tare ka a tasha ko a WhatsApp da kwalba wai "warakar hanta", ƙarya yake.

Ku tuna da nau'in C. Lokacin da sofosbuvir ya fito a 2013, dala 84,000 ake biya a Amurka kan mako 12. Sai da ƙungiyoyi da gwamnatoci suka matsa aka ba wasu kamfanoni izinin yin sa da araha, har Masar ta yi wa miliyoyi magani. Da hayaniya farashin ya faɗi.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan tara cikin goma cutar na zauna masu har girma. Babba kuwa ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Allurar fenta sai sati shida ake fara ta, alhali OMS ta ce a yi ta hanta cikin awa 24 da haihuwa. Mu nemi hukumomi su kai ta kowane CSI, su kuma sassauta kuɗin awo, musamman ga mata masu ciki.

Ku kuma ku je a auna ku. Wanda aka samu da shi kada a ware masa kwano, ba ta cin abinci ake ɗauka ba.