Katafila a Gaba, Ɓarayin Katako a Baya: Lacca kan Sababbin Hanyoyi da Makomar Gandun Daji



An nemi in yi magana kan barazanar da gina hanyoyi da ayyukan ɓata-gari ke yi wa gandun daji. Na san a zauren nan akwai wanda garinsu ke yankewa da duniya duk damina, akwai wanda aka taɓa ɗaukar matarsa a amalanke tana naƙuda saboda mota ba ta shiga. Irin wannan mutum idan ka ce masa titi matsala ne, zai ɗauka ƙoshi ne ke damunka, kuma da gaskiyarsa. Don haka ba titi na zo zagi ba. Abin da ke biyo bayan titi na zo mu duba, kuma zan ɗauki misali daga jihar Kuros Riba, inda mafi girman abin da ya rage na kurmin Najeriya yake.

A 2015 sabon gwamnan jihar, Ben Ayade, ya fito da shirin wani katafaren titi mai layi shida, tsawonsa kusan kilomita 260, daga gaɓar teku a yankin Kalaba zuwa iyakar Binuwai. A watan Oktoban shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin. A taswirar farko, titin zai ratsa ta gandun dajin ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, mai sassa biyu, Oban da Okwangwo. A duwatsun wannan yanki ne, tsakanin Najeriya da Kamaru, wani nau'in gwaggon biri yake zaune wanda babu irinsa a ko'ina a duniya, kuma an ƙiyasta waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne wata sanarwa ta watan Janairun 2016. Gwamnatin jihar ta ce ta soke haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita 10 a dama da titin, kilomita 10 a hagunsa, tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ku yi lissafin da kanku: 20 sau 260, murabba'in kilomita 5,200 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin jihar, da ƙauyuka sama da 180 a ciki. Titi mai layi shida, ko an haɗa da kwalbati da wurin tsayawar mota, faɗinsa ba ya kai mita 100. To sauran filin na mene ne? Gwamnati ta ce na sababbin garuruwa ne da masana'antu. Mutanen ƙauyukan suka ce na katako ne. Ni dai, da na dubi abin da ke tsaye a kan wannan fili, na fi karkata ga maganar mutanen ƙauye.

Ina so in ɗan daɗe a kan mutanen Ekuri, domin labarinsu ya rushe zargin da ake yi cewa masu kare daji maƙiya ci gaba ne. Ƙauyuka biyu ne, Tsohuwar Ekuri da Sabuwar Ekuri, suna riƙe da daji mai faɗin hekta 33,600. Shekaru da dama ba su da hanyar mota, komai a ka ake ɗaukowa, tafiyar sa'o'i a ƙasa. Kamfanonin katako suka zo musu da tayi: mu yi muku hanya, ku ba mu itatuwa. Suka ƙi. Suka kafa ƙungiya tasu, suka ɗora haraji a kan abin da ake saye daga dajin, suka fito da ƙarfinsu, suka yi wa kansu hanyar birji ta kusan kilomita 40. A 2004 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo kan yadda suke kula da dajin. Waɗannan mutane ne aka wayi gari katafila ta tunkaro dajinsu ba tare da an zauna da su ba. Suka yi zanga-zanga, maza da mata, aka tara sa hannun mutane sama da 250,000 aka kai Abuja.

Dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta a yi binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a sa masa hannu. A Kuros Riba an fara share daji kafin a amince da rahoton. Ma'aikatar muhalli ta tarayya, a zamanin minista Amina Mohammed, ta ba da umarnin dakatar da aikin, aka kuma mayar da rahoton fiye da sau ɗaya saboda bai cika sharaɗi ba. A Fabrairun 2017 jihar ta janye sanarwar ƙwace filin, daga baya aka kauce wa gandun dajin a sabuwar taswira, aka ba da amincewa mai sharuɗɗa 23. Ayade ya sauka a 2023 titin bai kammala ba. Amma itatuwan da aka kayar a wuraren da aka share ba su tashi ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Itacen da ke tsakiyar kurmi ba shi da kuɗi, komai girmansa, domin babu yadda za a fito da shi. Ranar da mota ta iya kusantarsa, ranar ya zama dukiya. Mai injin yanka ne ke fara shiga. Mafarauci ya bi sawunsa a kan babur, domin yanzu naman zai isa kasuwa kafin ya lalace. Sai mai gawayi, sai mai haƙar ma'adinai, sai wanda zai cinna wuta ya yi gona. A Barazil, inda aka buɗe babban titin da ya ratsa dajin Amazon a 1972, wani bincike da aka buga a 2014 ya gano kusan kashi 95 cikin 100 na dajin da aka sare yana cikin tazarar kilomita biyar da rabi daga wata hanya, ko kilomita ɗaya daga kogin da jirgin ruwa ke bi.

Ba sai mun je Barazil ba. Ku tambayi mutanen Taraba abin da ya sami madobiya, itacen da 'yan kasuwa ke kira madrid. Dillali ya iso ƙauye da kuɗi a jaka, ya ga mai gari, ya ɗauki samari ya ba su inji da fetur. A kayar da itacen, a sassaƙe shi ya zama gungume mai kusurwa huɗu, a jawo shi bakin hanya, a loda a tirela. Daga nan har tashar jiragen ruwa ta Legas shingen bincike ba ya ƙirguwa, kuma kowane shinge da nasa na goro. Gungumen ya ƙare a Sin, inda ake yin kujerun alfarma da shi. Saurayin da ya yi wahalar ya tashi da kuɗin da ba za su kai shi ƙarshen wata ba, Bafillatanin da ke sassabo wa shanunsa ganyen madobiya da rani ya rasa abin ba su. Da itacen ya ƙare a fili, masu inji suka nufi gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar nan. A 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta taƙaita cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Umarnin ya zo bayan an riga an yi ɓarnar.

Yanzu ga tambayar da na san tana bakin wasunku. Mu a nan Arewa dajin ne ya zame mana bala'i. Sambisa wurin ajiyar namun daji ne kafin ya zama sansanin Boko Haram. Kamuku, Kuyambana da Rugu yau sunayen tsoro ne. Shi ya sa ake jin masu cewa a keta su da tituna, a sare su, kowa ya huta. Na fahimci zafin da ya haifi wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Titin Kano zuwa Jos ya daɗe yana ratsa dajin Falgore, bai hana fashi da satar shanu a can ba. Abin da ya bar waɗannan dazuzzuka shi ne hukuma. Dattawan da ke nan za su tuna malamin daji na zamanin En'e, wanda ko reshe ba ka sara a gandu sai da takardarsa. Da aka bar ofishinsa ba albashin kirki, ba mota, ba kayan aiki, wasu suka maye gurbinsa da bindiga. Dajin da babu mai tsaronsa, in babu hanya na 'yan bindiga ne, in an yi hanya su raba da ɓarayin katako.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina, a 2025 kuma aka amince da ɗaukar dakarun tsaron daji. Madalla. Sai dai suna a takarda bai taɓa tare tirela ba. Ga kuma manyan ayyuka biyu da ya kamata mu sa wa ido, waɗanda aka fara a 2024, titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da titin Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon sama da kilomita 1,000.

Roƙona ga 'yan majalisa da injiniyoyin da ke cikinmu: duk titin da zai kusanci gandun daji, a sa kuɗin masu gadi da ofisoshinsu cikin kuɗin kwangilar, su kama aiki kafin katafila ta iso. Iyayenmu sarakuna, kada a karɓi goron dillalin katako a fada. Ku kuma ɗalibai, doka ta ce a baje rahoton binciken muhalli a fili jama'a su duba su yi ƙorafi kafin a amince da shi. Ku nemi na aikin da ya shafi yankinku, ku karanta, ku fassara wa mutanen ƙauyenku, ku rubuta ƙorafin kafin wa'adin ya cika.